In kunne ya ji, jiki ya tsira: darasin da rediyon mota ya koya mini a hanyar Tursa

A ƙarshen daminar bara rasuwar wata gwaggona ta kai ni Tursa, cikin Ƙaramar Hukumar Rabah, domin yin ta'aziyya. Na bar Sakkwato da hantsi, da niyyar in juyo kafin la'asar, kamar yadda duk mai hankali yake yi a hanyoyin gabashin jihar nan a 'yan shekarun nan. Wata uku ke nan rediyon motata yana wani siririn kuka irin na sauro. Idan na taka totur kukan ya ƙara tsini, idan na saki ya sauko. Sau biyu ina canza sifikun ƙofa saboda shi, bai daina ba. Da na gaji sai na koma ga dabarar da kowa ya sani, wato ƙara murya har sai ta danne kukan. A ranar, tun kafin in isa, sifikar dama ta fara kakari, muryar mai karanta labarai ta koma kamar ta wanda ke magana ta cikin fasasshiyar ƙwarya.

Da na juyo, na tsaya a bakin tasha a garin Rabah wajen wani dattijo mai gyaran wayar mota, irin waɗanda direbobi ke kira riwaya. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, sifika nake so ka canza mini, sauri nake yi." Bai ɗauko sukudireba ba. Ya zauna a kujerar gaba, ya ce in tayar da mota, ya saurara. Sannan ya ce in kashe inji in bar rediyo a kunne. Kukan sauron ya ɗauke ɗif, kakarin sifikar dama kuwa yana nan.

Ya dube ni ya ce, "Malam, ka ji? Da inji ya kwanta kuka ya kwanta. To mi yah haɗa sifika da wagga magana? Sifika 'yar aike ta, abin da anka ba ta shi takan kawo. Cuta biyu gare ka. Ɗaya daga inji take, ɗayar kuwa kai kak kashe ta da hannunka."

Kunya ta kama ni. Shekaru na yi ina koya wa ɗaliban jami'a hanyoyin bincike, ina nanata musu cewa kada su canza abu biyu a lokaci guda idan suna son gane musabbabi, kuma kada su yanke hukunci kafin su tattara hujja. Ga shi a motata na saki wannan karatu gaba ɗaya, na yi ta sayen magani ban san cuta ba. Abin da ya sa na ga ya dace in rubuta wannan maƙala ke nan. Ra'ayina shi ne, ƙarar da rediyon mota ke yi saƙo ne da ya kamata a karanta kafin a kashe ko sisi, kuma al'adarmu ta danne ta da ƙarin murya tana jawo mana asarar kuɗi da asarar ji, a wasu hanyoyin ma tana iya jawo asarar rai.

Yadda sifika take aiki

Sifikar da ke ƙofar motarka ba ta sauya tsari sosai ba tun 1925, lokacin da injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, suka bayyana fasalinta. Abu huɗu ne jigonta: maganaɗisu a baya, naɗin siririyar wayar tagulla da ke zaune cikin ɗan ƙanƙanen gibi a tsakiyar maganaɗisun, faifai mai siffar mazurari na takarda ko roba, da kuma zobe mai laushi da ke riƙe bakin faifan. Idan rediyo ya turo wuta cikin naɗin, sai naɗin ya motsa gaba da baya, faifan ya tura iska, kunne ya ji sauti. Shekara biyar bayan haka, a 1930, kamfanin Paul Galvin ya fitar da rediyon mota mai suna Motorola, kuma tun daga ranar makanikai ke fama da matsala guda: an ɗauki na'ura mai sauraron raunanan igiyoyin iska an zaunar da ita kusa da inji mai fesa tartsatsin wuta.

Daga wannan bayani za a gane cewa gurɓacewar sauti iri biyu ce, kuma dattijon nan ya raba su cikin minti ɗaya. Akwai baƙuwar ƙara da ke kutsowa daga wani wuri ta hau kan muryar, kamar kukan sauro ko ƙas-ƙas ko shuuu. Akwai kuma lalacewar muryar ita kanta, inda take kakari ko rawa ko karyewa. Ta farko kusan kullum laifin wuta ne da wayoyi. Ta biyu ce kaɗai ake tuhumar sifika a kanta, ita ma ba kullum ba.

Tambayoyin da ba sa cin kuɗi

Na tsaya na kalli yadda dattijon ya bi al'amarin daki-daki, daga baya kuma na koma na karanta dalilin kowane mataki. Duk mai mota zai iya yin mafi yawansu a ƙofar gidansa.

Mataki na farko shi ne wanda na ambata: a kashe inji a bar rediyo. Idan ƙarar ta tafi, daga wutar inji take. Kuka mai tsini da ke hawa da sauka tare da totur na altaneta ne, wato na'urar da ke cajin batir. Altaneta tana samar da wuta mai kai da komowa ne, sannan wasu ƙananan ƙofofi da ake kira dayod su miƙar da ita ta bi hanya ɗaya. Miƙarwar ba ta cika sumul, akwai ɗan kaɗawa da ke saura, kuma shi ne kunne ke ji idan ya sami hanyar shiga rediyo. Idan kuwa ƙas-ƙas ce mai saurin bugawa da ke ƙaruwa da gudun inji, to a motar fetur a duba fulogi da wayoyinsu. Akwai fulogin da aka yi da abin rage wannan tartsatsi a cikinsa, akwai wanda babu, kuma sau da yawa mai arahar shi ne wanda babu.

Mataki na biyu, a zare duk abin da aka soka a ramin caji. Cajar waya mai araha, da ɗan abin nan da ake sa wa memori yana watsa waƙa zuwa rediyo, da wasu fitilun zamani masu farin haske da ake ƙara wa mota, dukkansu suna yanka wuta da sauri ƙwarai, kuma marasa inganci a cikinsu suna watsa ƙara. Mutum zai iya canza rediyo sukutum alhali cajar da ya saya a bakin titi ce ke yi masa ɓarna.

Mataki na uku, a sauya abin da ake saurare. Idan ƙarar tana nan a tashar rediyo amma babu ita a memori ko Bluetooth, to ta eriya take shigowa: ko wayarta ta sassauta, ko gindinta ya yi tsatsa inda ya haɗu da jikin mota. A nan akwai wani abin lura ga masu motocin da aka shigo da su daga Amurka. Rediyonsu yana tsallake lambobi ne da biyu-biyu a zangon FM, yana tsayawa a kan masu ƙarewa da mara, kamar 1 da 3 da 5. Tashar da lambarta ta ƙare da cika ba za ta zauna daidai a kansa ba, sai a riƙa jin ta da ɗan shuuu. A matsakaicin zango ma tazarar tashoshinsu 10 ce, tamu ta Afirka 9. Wannan ba cutar sifika ba ce, kuma wasu rediyoyin suna da wurin sauya yanki a cikin saitinsu.

Mataki na huɗu, a yi amfani da maɓallin da ke karkata sauti hagu ko dama, gaba ko baya, a saurari kowace sifika ita kaɗai. Idan duka huɗun suna kakari tare, da wuya a ce duka sun mutu rana ɗaya, a nemi laifin a rediyo ko amfilifaya. Idan ɗaya ce, kafin a kwance ta a dafa marfin ƙofar da tafin hannu. Sau da yawa kakarin yakan tsaya, domin roba ce ta saki ko wani kusa ya kwance saboda gargadar hanya. Idan bai tsaya ba sai a buɗe a duba. Zoben bakin faifai yakan ruɓe ya yage. A tura faifan a hankali da yatsu: idan ya shiga ya fito shiru, lafiyarsa ƙalau, idan ana jin gurzawa to naɗin ya ƙone ko ya karkace. Mai mita zai iya aunawa, sifikar mota mai om 4 takan nuna tsakanin 3 da 4, idan ba ta nuna komai ba wayar cikinta ta tsinke.

A motata, dattijon ya zaro rediyon ya nuna mini wayar da suke kira at, wadda ke haɗa na'ura da ƙarfen jikin mota domin wuta ta sami hanyar komawa batir. An murɗe ta ne kawai a jikin wani kusa mai fenti da tsatsa, aka naɗe da salatif. Ya kankare wurin har ƙarfe ya yi fari, ya ɗaure ta tamau. Kukan ya ragu ƙwarai amma bai ƙare ba. Sai ya ɗauko mita ya ɗora a kan batir. Batir mai lafiya yakan nuna kimanin bolt 12.6 idan inji na kashe, idan inji na aiki kuma ya haura zuwa wajen 14. Nawa da ƙyar ya motsa. Ya ce altaneta ta fara gajiya, kuma rediyon ya yi wata uku yana faɗa mini ban saurara ba. Ya ƙara da cewa, "Ka yi ta tahiya yanzu da rana, kada ka kunna abin da bai zama dole ba. In dare ya same ka da hitila kunne, Allah kaɗai ya san inda za ta aje ka." Washegari a Sakkwato aka kwance ta aka tarar dayod ya mutu.

Yadda muke kashe sifika da hannunmu

Saura cuta ta biyu, wadda ya ce ni na jawo. Mutane da yawa sun ɗauka ƙarfin wuta ne kaɗai ke ƙona sifika, saboda haka ƙaramin rediyo ba zai iya ba. Gaskiyar ta fi haka sarƙaƙiya. Kowane rediyo yana da iyakar abin da zai iya bayarwa. Wanda aka rubuta wa wat 50 sau 4 a kwali, abin da yake iya riƙewa a tsaye ba tare da gurɓata ba yawanci bai kai wat 20 ga kowace sifika ba. Idan aka murɗa murya fiye da iyakarsa, sai ya riƙa gutsure kawunan igiyar sautin. Wannan gutsurewar ce kunne ke ji a matsayin kakari, kuma tana sa naɗin ya sha zafi fiye da kima, har gam ɗin da ke riƙe da shi ya narke. Da zarar ka ji murya ta fara karyewa, na'urar tana roƙonka ka rage ne. Ni kuwa ƙarawa nake yi.

Kuma ribar ƙarawar kaɗan ce. A ma'aunin ƙarfin sauti da ake kira desibel, ninka wuta sau biyu ba ya ƙara komai sai desibel 3, abin da kunne ke ji a matsayin ɗan ƙari. Kafin mutum ya ji kamar sauti ya ninka, sai an ninka wutar kusan sau goma.

Akwai wasu kurakurai da suka zama ruwan dare a garejojinmu. Na ɗaya, a haɗa sifika biyu masu om 4 a kan waya ɗaya gefe da gefe, su koma om 2, rediyon ya riƙa jan wuta ninki biyu har ya yi zafi ya mutu. Na biyu, a ɗauki wayar sifika ɗaya a ɗaure a jikin mota kamar yadda ake yi wa rediyoyin da, alhali yawancin na yanzu wayoyin biyu duk wuta suke ɗauke da ita, kuma wannan haɗi yana ƙona su. Na uku, a juya wayoyin sifika ɗaya, ta riƙa turawa lokacin da 'yar uwarta ke ja, sai kaurin sauti ya ɓace, mai mota ya yi ta ƙara murya yana neman abin da ba zai samu ba. Na huɗu, a shimfiɗa wayar sauti manne da babbar wayar wutar amfilifaya, ƙara ta tsallaka daga wannan zuwa waccan. Na biyar shi ne mafi haɗari: fiyus ya ƙone a maye gurbinsa da guntuwar waya ko takardar kwalin taba, ko a ja waya daga batir zuwa but ba tare da fiyus kusa da batirin ba. Ranar da rufin wayar ya goge ta taɓa ƙarfe, gobara ce.

Ƙasarmu ma ba ta raga wa waɗannan kaya. A watan Afrilu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40 a inuwa, cikin motar da aka rufe a rana kuwa ya fi haka nesa, roba da gam suna bushewa suna tsagewa. Hunturu ya zo da ƙura mai shiga gibin maganaɗisu, damina ta zo da ruwan da ke bin gilashi ya sauka cikin ƙofa. Motocin da ke jigilar albasa da tafarnuwa da shinkafa daga fadamun Wurno da Goronyo zuwa kasuwar Achida da Sakkwato suna shan girgizar da ke kwance kowane kusa. Sifikar da za ta shekara goma a Jamus ba lallai ta kai rabin haka a nan ba.

Abin da ya fi sifika tsada

Mai karatu zai iya cewa, a yankin da mutane ke kwana da ido ɗaya, ina ruwan wani da kukan rediyo? Amsata ita ce a irin wannan yanki ne ma maganar ta fi nauyi. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato saboda matsalar 'yan bindiga. A watan Oktoba na shekarar aka kai hari kasuwar Goronyo, mutum fiye da 40 suka rasu. Wanda ya bi hanyoyin nan a wancan lokaci ya san darajar rediyo, domin da waya ta yi shiru, tashoshi irin su Rima Radio da sassan Hausa na gidajen rediyon ƙetare su ne suka rage wa talaka ya san halin da ake ciki. Rediyon da ke fitar da magana tas kayan aiki ne ga direba, kamar taya ta safaya.

Sannan kunnen direba shi kansa kayan tsaro ne. Da shi yake jin odar wanda ke bayansa, da kukan boris, da ƙarar fanbel, da iskar taya mai fita. Da shi yake jin rugugin babura daga nesa, ko kiran mutumin ƙauye da ke ɗaga masa hannu yana cewa ya juya. Na sha shiga motar haya inda direba ya cika ta da sauti har fasinja ba ya jin na kusa da shi, ga tsofaffi ga jarirai, kuma babu mai iya magana don kada a ce ya cika fitina. Irin wannan direba ya toshe wa kansa ƙofa ɗaya daga cikin ƙofofin da Allah Ya ba shi na sanin haɗari.

Ga kuma lafiyar kunnen. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron sauti mai desibel 80 har awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, amma idan ya kai desibel 90 lokacin ya ragu zuwa awa 4 kacal a mako. Ta kuma yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan 1 a duniya suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraron sauti. Direban haya yana wuni a mota kwana shida ko bakwai a mako, ga ƙarar inji ga ta iska, sannan ya ɗora rediyo a kansu. Ƙananan ƙwayoyin da ke cikin kunne masu karɓar sauti idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Sifika tana da madadi a kasuwa, su kuwa ba su da shi. Wanda ya sauka daga mota yana jin kunnensa na ƙugi, ko ya lura sai an maimaita masa magana, to ya san an fara taɓa jarin.

Saboda haka ina da kira ga ɓangarori uku. Masu motoci, mu daina zuwa gareji da hukunci a bakinmu. Mu faɗi abin da muka ji, da lokacin da muke jin sa, mu kuma yarda mu biya kuɗin bincike ko da ba a canza komai ba. Muddin mai gyara ba ya samun kuɗi sai ya sayar da kaya, to kaya zai sayar mana. Shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW a tashoshinmu, su sa maganar ƙarar rediyo cikin ladubban tasha, fasinja ya sami bakin cewa a rage. Makarantun fasaha kuma, irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, tare da ƙungiyar makanikai, su duba yiwuwar shirya gajerun kwasa-kwasai da Hausa ga yaran gareji a kan amfani da mita da karanta zanen wayoyi. Motocin yanzu cike suke da kwamfuta, kuma yaron da bai iya awo ba zai ƙare yana yanka wayoyi da ka.

Dattijon nan na Rabah bai sayar mini da komai ba. Da na tambaye shi kuɗin aikinsa ya ce in ba da abin da ya sauwaƙa, na ba shi, ya sa albarka, ya kuma yi wa gwaggona addu'a da ya ji daga inda na fito. Ya cire wayar sifikar da ta ƙone ya naɗe bakinta, ya ce in yi haƙuri da ukun da suka rage har in isa gida. Na kamo hanyar Sakkwato rana na sama, rediyo a kashe kamar yadda ya umarta, gilashi a sauke. A wannan tafiya ce na fara jin wani ɗan gurnani a tayar baya ta hagu, wanda ban san tun yaushe yake ba. Da aka duba, boris ne ya kusa watsewa.

Allah Ya kiyaye mana hanyoyinmu, Ya dawo da zaman lafiya a gabashin Sakkwato da ƙasa baki ɗaya.